Yaushe ya kamata allo ya sauya gefe a silalom na kan ruwa?

Tambayar ta fito ne daga wani mai wasan zamiya a kan ruwa da allo ɗaya, wasan da ake kira silalom. Ya ce ƙafar dama yake sa wa a gaba, jirgi na jansa da gudun kilomita 55 a awa, kuma yana zagaye ƙwallaye shida da aka jera a kan ruwa cif idan igiyar da ake jansa da ita tana mita 18.25. Da zarar an rage ta zuwa mita 16 sai al'amura su dagule: yana isa ƙwallo a makare, da gudun da ya fi ƙarfinsa, in ya juya igiya ta yi sako-sako, sannan ta fizge shi. An ba shi shawarar ya riƙa sauya gefe da wuri, da ya gwada sai ya daina kaiwa ƙwallon ma baki ɗaya. Yana so a nuna masa takamaiman wurin da allo zai bar gefen da yake yanka ruwa da shi ya koma ɗaya gefen.

Malam, bari in fara da wurin da ka tambaya. Jirgi yana barin tudun ruwa biyu a bayansa, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kuma tsakaninsu ne layin tsakiya yake, wato daidai bayan turken da aka ɗaura igiya. A gudunka da tsawon igiyarka, ya kamata jan ya kai ƙololuwarsa tsakanin tudun farko da layin tsakiya, allo ya fara miƙewa yayin da kake ƙetare tudu na biyu, ya kuma gama kwanciya a kan sabon gefen kafin ka fita daga farin kumfar da ke bayan tudun. Sai dai sanin wurin kaɗai ba zai gyara maka komai ba, domin sauya gefe sakamako ne na gudun da ka tara kafin ka iso tsakiya. Wanda ya iso da isasshen gudu zai ga allo ya mirgina da kansa a wurin da ya dace. Wanda bai tara gudun ba kuwa, hanya biyu ce kawai gare shi: ko ya ci gaba da ja har ya makara, ko ya saki da wuri ya kasa kaiwa. Kai ka ɗanɗana duka biyun, kuma asalinsu ɗaya ne.

Yana da kyau ka riƙe ma'aunin filin a kanka, domin shi ke nuna ƙarancin lokacin da kake da shi. Daga ƙofar shiga zuwa ƙofar fita mita 259 ne. Kowane ƙwallo yana mita 11.5 daga layin tsakiya, kuma jirgi yana cin mita 41 tsakanin ƙwallo ɗaya da na gaba. A gudun kilomita 55, jirgin yana gama filin duka cikin daƙiƙa 16.95, wato kana da kusan daƙiƙa 2.7 daga ƙwallo zuwa ƙwallo, kuma a cikinsu ne za ka gama juyawa, ka kama igiya, ka ƙara gudu, ka ƙetare tudu biyu, ka sauya gefe, ka rage gudu, ka miƙa hannu. A kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa jirgi yana yin gaba da mita ɗaya da rabi. Saboda haka jinkirin da ido ba ya ko lura da shi daga bakin ruwa ya isa ya kai ka mita uku gaba da inda ya kamata ka fara juyawa. Madaidaicin layi daga ƙwallo zuwa ƙwallo kuma ya ɗan haura mita 47, don haka ko da a miƙe kake tafiya, matsakaicin gudunka ba zai gaza kilomita 63 a awa ba, a bayan jirgi kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba.

Akwai wani lissafi da ba kasafai ake bayyana wa masu koyo ba, alhali shi ne zuciyar maganar. Lokacin da kake daidai bayan jirgi, mariƙin igiya yana bayan turke da tsawon igiyar duka. Lokacin da mariƙin ya kai faɗin ƙwallo, igiyar ta karkace zuwa gefe, don haka tazararsa a bayan turke ta ragu. A igiyar mita 18.25 tana raguwa zuwa kimanin mita 14.2, a igiyar mita 16 zuwa kimanin 11.1. Ma'anar wannan ita ce, daga layin tsakiya zuwa ƙwallo dole ka cim ma jirgin da kusan mita 4 a doguwar igiya, kusan mita 5 a igiyar da ke ba ka wahala yanzu, kusan mita 6 a igiyar 14.25, fiye da mita 8 a igiyar 12. A zahiri abin ya ɗan gaza haka, tunda tsawon hannu da jiki suna cike wani ɓangare, amma tsarin bai canza ba. Kusurwar igiya ma tana tashi daga digiri 39 zuwa 46 tsakanin igiyoyin nan biyu. Bayan tsakiya, to, aikinka shi ne ka fi jirgin da ke janka sauri zuwa gaba, kuma jirgi ba zai iya jan mutum ya wuce da shi gaban kansa ba. Gudun da za ka kashe a wannan hawan, tilas ka zo da shi daga baya.

Shi ya sa masu koyarwa ke kwatanta abin da lilo. Mai lilo yana samun ƙarfinsa ne yayin gangarowa, ya fi gudu a can ƙasa, daga nan kuma abin da ya tara ne ke ɗaga shi zuwa ɗaya ɓangaren. Layin tsakiya shi ne ƙasan lilon. Da zarar ka wuce shi, hanyar da mariƙi ke bi tana fara lanƙwasawa zuwa inda jirgi ya nufa, domin igiya ba ta ƙara tsawo. Idan allonka ya ci gaba da fuskantar bakin ruwa da irin kusurwar da ya ƙetare tsakiya da ita, to allo ya nufi wani wuri, mariƙi ya nufi wani, nauyin igiya kuma sai ya yi ta hauhawa har ya raba hannuwanka da jikinka, ya ɗago kafaɗunka zuwa ciki. Daga nan sai ka tafi a miƙe kai tsaye zuwa ƙwallon, a ƙuntace, da gudu mai yawa da ba ka da filin ragewa. Wannan shi ne isa a makare da ka bayyana, igiyar da ke saki bayan juyi kuma ta biyo baya ne saboda kana juyawa alhali har yanzu ka fi jirgi sauri.

Idan aka bi sawun matsalar baya, kusan kullum a ƙarshen juyin da ya gabata ake samun tushenta. Mai wasan da ya ji ya makara yakan murɗe allo da ƙarfi a bayan ƙwallo, ya danna wutsiya, ya cafke mariƙi tun allo bai gama shigowa ƙarƙashin igiya ba, ya kwanta da dukan ƙarfinsa nan take. A wannan lokacin gudunsa ya yi ƙasa ƙwarai, allo ya nutse, kusurwar da ya ɗauka kuma ta fi abin da jikinsa zai iya riƙewa. Jirgi mai ɗaruruwan ƙarfin doki ba ya jayayya da kowa: zai miƙar da shi tsaye kafin tudun farko, ƙugu ya koma baya, allo ya kwanta a shimfiɗe ya yi tsalle a kan tudun. Sai mutum ya iso tsakiya ba gudu ba kusurwa, ya ga ƙwallo ya yi masa nisa, ya sake kwantawa bayan tudu na biyu. Wannan ja na biyu shi ne abin da mutanen da ke kallonka suka gani suka ce kana jinkirin sauya gefe. Abin da suka gani gaskiya ne, amma shawarar da suka ba ka ta taɓa ƙarshen sarƙar ne kawai.

Dalilin da ya sa gwajinka ya ci tura kuma a fili yake. Yawancin waɗanda aka ce wa su sauya gefe da wuri sukan fahimci cewa an ce su daina jingina. Suna zuwa tsakiya sai su miƙe tsaye, su bar hannuwa su yi gaba, allo ya yi tafiyar mita da dama a shimfiɗe ba ya kan kowane gefe. Allon da ke shimfiɗe ba shi da alkiblar kansa, inda igiya ta ja shi nan yake bi, igiya kuwa gaba take ja. Don haka sai ka rasa faɗi, ka bi ta cikin ƙwallo. Ka cire ja na biyun da ke kai ka wurin ba tare da ka maye gurbinsa da gudu na farko ba.

Gyaran yana farawa ne da haƙuri a ƙarshen juyi. Ka bar allo ya gama zagayensa ya dawo tsakaninka da jirgi kafin hannunka na waje ya koma kan mariƙi, kuma ka bar ƙugunka ne ya zo ya tarar da mariƙin, kada hannu ya miƙa ya je nemansa. Idan igiya ta miƙe, ka fara da kusurwar da ka tabbata za ka iya riƙewa har tsakiya, sannan jinginar ta riƙa ƙaruwa sannu a hankali yayin da gudu ke ƙaruwa, ta kai matuƙarta a tudun farko. Kusurwa matsakaiciya da aka riƙe har layin tsakiya ta fi babbar kusurwa da aka rasa a rabin hanya samar da gudu, kuma ba ta cin ƙarfin jiki kamarta. Da farko za ka ji kamar ba ka yin komai a mita na farko bayan ƙwallo, har zuciyarka ta ce maka kana ɓata lokaci. Ka daure wa wannan jin, domin lokacin da ka ga kamar ka bayar a nan yana dawo maka a ɗaya ɓangaren, inda za ka tarar da fili a gaban ƙwallo.

Tsayuwar jiki a lokacin jan ita ce ke yanke hukunci ko gudun zai samu. Idon sawun ƙafarka ta gaba ya lanƙwashe har ƙaurinka ya danna gaban takalmin da ke manne da allo, gwiwar baya ta matso kusa da ta gaba, ƙugu ya tsaya a saman ƙafafu, ƙirji a ɗage, kafaɗu a daidaice. Hannuwa su miƙe, a sake, gwiwoyin hannu suna gogar gefen rigar kariya, mariƙi kuma ya sauka ƙasa kusa da cinya. A haka nauyin jirgi yana bi ta kafaɗa ya ratsa ƙashin baya ya sauka a ƙafafu, allo ya mayar da shi gudu. Da zarar ka lanƙwasa hannu don ka jawo mariƙi, ƙugu zai faɗa baya, nauyi ya koma kan wutsiya, hancin allo ya ɗaga, abin da ya rage a ruwa ya zama birki. Jinginar kuma gefe ake yinta, nesa da jirgi, ba baya zuwa wutsiyar allo ba. Mutane da yawa suna rikita waɗannan biyun shekara da shekaru, saboda dukansu suna sa a ji nauyi a hannu, kuma jin nauyi a hannu yana yaudarar mutum ya zaci yana aiki mai kyau.

Yanzu ga sauyin kansa, a kusa. Kana ƙetare layin tsakiya da gudu, sai ka daina ƙara matsi a ƙafafu, ka bar gwiwoyi su yi laushi su ɗan taso. Allon da ke ɗauke da matsi zai kuɓuce ya bi ta ƙarƙashinka, daga gefen jirgi ya koma gefen bakin ruwa, a hanyarsa kuma ya mirgina daga tsohon gefe zuwa sabo. Daga ƙugu zuwa ƙasa ne kawai abin ke faruwa. Daga ƙugu zuwa sama babu abin da ya canza tukuna: kafaɗu suna nan a jingine nesa da jirgi, gwiwoyin hannu suna manne da riga, mariƙi na kusa da ƙugu, hannu biyu na kansa, igiya kuma a miƙe take kana jin janta. Wannan ɗan lokacin da allo ya riga ya koma gefen juyawa amma jiki na sama bai bar igiya ba, shi ne ke fitar da mutum waje ya ɗaga shi gefen jirgi. A ganina shi ne abu mafi wuyar koyo a silalom gaba ɗaya, domin jiki yana so ya yi abu ɗaya a lokaci ɗaya, ko ya ja ko ya huta, nan kuma ana neman ƙafafu su huta alhali kafaɗu da ciki suna riƙe.

Sakin hannu yana zuwa ne daga baya, kuma kada ka haɗa shi da sauya gefe. Ka riƙe da hannu biyu har ka fita daga kumfa ka ji jan igiya ya fara sauƙi da kansa, sannan hannun waje ya sauka a hankali ya tsaya kusa da ƙugu, hannun ciki kuma ya miƙa mariƙi gaba da ɗan ƙasa, daidai da saurin da allo ke nisanta da shi. Mai jefa mariƙi gaba da zarar allo ya mirgina ya ba jirgi igiya kyauta, kuma faɗin da ya yi wahalar nema ya tafi. A tsakanin nan ka tashi tsaye sosai a kan ƙafar gaba, domin yawan allon da ke cikin ruwa ne ke rage maka gudu kafin ƙwallo. Idan duk da haka ka juya ka ga igiya ta yi lanƙwasa mai yawa a kan ruwa, ka saki mariƙin. Fizgar sakakkiyar igiya tana raunata kafaɗa da baya da haƙarƙari, kuma ƙwallo ɗaya a wurin atisaye bai kai wannan ba.

Wurin sauyin ba ɗaya ba ne ga kowa, kuma a nan ne shawarwari ke karo da juna. Wanda ke koyo a gudun kilomita 46 ko 49 da doguwar igiya yana bukatar ya riƙe gefensa har ya gama ƙetare tudu na biyu, domin jirgi ba ya ba shi gudu mai yawa, allo yana nutsewa, tudun ma ya fi girma. Idan aka ce masa ya sauya a tsakiya an cuce shi. Yayin da gudu ke ƙaruwa igiya ke gajarta, sauyin yana matsowa kusa da layin tsakiya. Daga igiyar mita 11.25 zuwa ƙasa, igiyar ma ba ta kai faɗin ƙwallo ba, tunda ƙwallon na mita 11.5, sai da tsawon jiki ake cike gibin. Lokacin da Nate Smith na Amurka ya kafa tarihin duniya a 2013 da ƙwallo biyu da rabi a igiyar mita 9.75 da gudun kilomita 58, igiyarsa ta gaza faɗin ƙwallo da mita 1.75. Mai wasa a wannan mataki ba shi da damar ja ko kaɗan bayan tsakiya. Kai kana tsakanin waɗannan biyun ne, kuma igiyar mita 16 ita ce ta fara hukunta dogon jan da igiyar 18.25 ke yafe maka. Don haka kada ka kwaikwayi wurin sauyin ƙwararru daga bidiyo kai tsaye, ka kwaikwayi abin da suke yi kafin tudun farko.

Tunda ƙafar dama ce a gabanka, ɓangarorinka biyu ba za su zo daidai ba. Ƙwallo na 1 da na 3 da na 5 suna dama da jirgi, na 2 da na 4 da na 6 suna hagu. Ƙugunka a ɗabi'ance yana fuskantar hagu, saboda haka juyi a ƙwallayen hagu da jan da ke biye da shi zuwa dama sun fi maka sauƙi, domin ƙugu a buɗe yake ga jirgi. Haɗarin wannan ɓangare mai sauƙi shi ne wuce gona da iri: ka juya da ƙarfi, ka ɗauki nauyi fiye da kima, ka isa ƙwallo na 3 ko na 5 da gudun da juyinka mai rauni ba zai iya sarrafawa ba. A ɗaya ɓangaren, daga ƙwallo na 1 zuwa na 2, ƙugu yakan so ya rufe ya faɗa baya, gudu ya ƙi samuwa, sai dogon ja ya biyo. Maganin na farko shi ne rage zafi, na biyu kuma kawo ƙugun dama gaba zuwa mariƙi da riƙe kafaɗu a daidaice. Ka lura da wane ƙwallo ne kake yawan faɗuwa, sannan ka binciki juyin da ya gabace shi.

Ƙofar shiga ta cancanci rabin lokacin atisayenka, domin ita kaɗai ce ƙetarawar da kake farawa ba tare da kuskuren baya ya biyo ka ba. Akwai ƙwallaye biyu da ake sa wa mita 55 kafin ƙofa, kuma da su ake auna lokacin fita zuwa hagu. Ka fita da ƙarfi isasshe har ka kai faɗin layin ƙwallo na 2 da na 4 da na 6 ko ka ɗan wuce, ka tsaya a kan ƙafar gaba kana zamewa, sannan ka fara juyowa lokacin da gudunka ya yi daidai da na jirgi, igiya a miƙe. Idan ka jira har jirgi ya fara barinka, za ka shigo a ƙuntace, gangaren da za ka tara gudu a kansa ya gajarta, dole ka ja har bayan ƙofa. Shigowar ta zama a hankali, ta yi ta ƙaruwa, ka ratsa kusa da ƙwallon dama na ƙofar a lokacin da ka fi gudu. Idan ƙofa ta yi kyau za ka ji sauyin gefe ya zo da kansa kafin ƙwallo na 1, kuma wannan jin ne za ka riƙa nema a sauran biyar.

Game da atisaye, abu na farko shi ne bidiyo daga cikin jirgi, a ɗauka daga kusa da turke, a kalla a hankali. Ka tsayar da hoton a wuri uku. A tudun farko, ka duba ko akwai tazara tsakanin mariƙi da ƙugunka, da ko ana ganin ƙasan allo yana fuskantar jirgi. A layin tsakiya, ka duba ko kafaɗunka na nan a jingine ko sun riga sun taso. A ƙarshen kumfa, ka duba gefen da allo yake kai da inda gwiwoyin hannunka suke. Feshin ruwa ma shaida ne: idan allo na ci gaba da watsa ruwa mai kauri ta tsohon gefe bayan tudu na biyu, ja na biyun yana nan. Abin da mutum ke ji a kan ruwa da abin da yake yi sukan bambanta ƙwarai, kuma mafi yawan masu rantsuwa cewa ƙugunsu na gaba sukan yi shiru idan suka ga hoton.

A kan ruwa, ka fita daga filin ƙwallaye na wani lokaci ka yi zamiya a buɗaɗɗen ruwa da igiyar mita 16, har ma da 14.25, inda babu ƙwallon da zai tsorata ka ka koma tsohon hali. Ka sa wa kanka doka ɗaya: ba ƙarin ja bayan layin tsakiya, hannu biyu a kan mariƙi har ƙarshen hawa, ka ga iya inda gudun zai kai ka a gefen jirgi. Da farko ba za ka yi nisa ba, kuma wannan ne ainihin ma'aunin gudun da kake tarawa. Idan nisan ya fara ƙaruwa, ka koma fili ka riƙa juyawa ta cikin ƙwallaye kaɗan ba tare da ka zagaye su ba, kana kiyaye lokacin, sannan ka faɗaɗa a hankali. Rage gudun jirgi zuwa kilomita 52 a igiyar mita 16 yana ƙara maka kusan daƙiƙa ɗaya a filin duka, kuma yana da amfani matuƙar ba ka daɗe a can ba har ka saba da dogon ja. A kan ƙasa ma, wajen ruwa, ana iya ɗaura mariƙi a ginshiƙi mai ƙarfi a jingina da shi, a koya wa jiki tsayuwar da yadda gwiwoyi ke motsi ba tare da mariƙi ya bar ƙugu ba. Ka tsaya da zarar hannu da baya sun gaji, domin gajiyayyen jiki tsohon halinsa yake komawa.

Jiragen gasa na yanzu suna riƙe gudu ne da na'ura mai aiki da tauraron ɗan adam, wadda aka fi sani ita ce Zero Off, mai zaɓi na haruffa A da B da C da lambobi 1 zuwa 3 da ke sauya yadda injin ke amsa janka. Duk wanda ka zaɓa, ɗabi'ar na'urar ɗaya ce: idan ka rage wa jirgi gudu da janka, za ta ƙara wuta don ta maido abin da aka rasa. Mai ja da wuri da ƙarfi yana kiran injin ya amsa masa tun yana wurin da ba shi da ƙarfin riƙewa, mai ja bayan tsakiya kuma yana sa injin ya ci gaba da ba da wuta a daidai lokacin da yake so ya cim ma jirgin. Ka zaɓi saiti ɗaya na tsakiya ka zauna a kansa har tsayuwarka ta daidaita.

Kayan aiki su ne na ƙarshe da za ka taɓa. Ka tabbata tsawon allon ya dace da nauyinka da gudunka, takalma da fiffiken da ke ƙarƙashin wutsiya kuma suna kan ma'aunin da masana'anta ta bayar, domin ana auna fiffiken ne da kashi ɗaya cikin dubu na inci, kuma ɗan kaucewa kaɗan yana sauya halin allo. Fiffike mai zurfi da yawa yana sa allo ya yi nauyin mirginawa daga gefe zuwa gefe, ƙaramin reshen da ke jikinsa kuma idan an ƙara masa kusurwa yana ƙara birki kafin ƙwallo amma yana cin gudu a bayan jirgi. Idan bidiyo ya nuna ƙugunka na baya a tudun farko, babu saitin da zai gyara wannan. Idan kuwa tsayuwa ta yi daidai a ɓangarorin biyu amma allo na ci gaba da jinkirin mirginawa, sai ka canza abu ɗaya kawai, ka rubuta ma'aunin da ka tashi daga kai, ka yi fita biyu ko uku a kansa kafin ka taɓa wani.